Jaririya mai babban ɗan tsaka: a yi aiki ko a jira?

Yayar Maijego:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya a wannan zaure ina neman shawara, kuma a yi haƙuri da yadda zan fito da maganar fili, babu yadda zan kwatanta sai haka. Ƙanwata ta haihu, yau kwana shida. A ɗakin haihuwa an ce mace ce, amma da muka zo yi mata wanka sai muka ga ɗan tsakanta ya fito sosai, kamar ƙaramin azzakari, leɓɓan gabanta kuma sun yi baƙi sun haɗe daga ƙasa. Maijego ba ta barci, sai kuka. Mijinta ya ce a rufe maganar kada kowa ya ji. Wata daga dangi ta ce mata-maza ce, wata ta ce a rage shi tun tana ɗanyen jiki kafin ta yi wayo. Ni dai kaina ya kulle. Wa ya taɓa ganin irin wannan?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya ta, ya ba maijego lafiya. Bakwaini ce? Nawa da na haife su watanni ba su cika ba, macen haka na ga nata ya fito, hankalina ya tashi, ashe rashin tsoka ne. Da ta yi ƙiba leɓɓan suka ciko suka rufe shi.

Yayar Maijego:
Amin, na gode. A'a, wata tara cif, kuma ƙatuwa ce.

Ungozoma:
Yaya, ki ajiye komai ki amsa min waɗannan. Tana kama nono da ƙarfi ko tana saki? Tana amai? Maɗigarta ta faɗa? Barcinta ya yi yawa har sai an tashe ta? Ko amsar duka lafiya ce, ku kai ta asibiti mai sashen yara yau ɗin nan, kada ku bari sai gobe. Kuma don girman Allah kada a bar kowa ya kusanci wurin nan da reza ko almakashi. Wurin cike yake da jijiyoyin jini, jaririya ba ta da jinin da za ta zubar. Abin da Maman 'Yan Biyu ta faɗa gaskiya ne a kan bakwaini, amma haɗewar leɓɓa da baƙin da kika ambata wata magana ce daban.

Hajiya Babba:
Haba Ungozoma, kada ki ɗaga musu hankali fiye da yadda yake. Halitta ce daga Allah, yarinya tana lafiya, mene ne na gudu asibiti da ɗanyen jego?

Likitan Yara:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ungozoma tana da hujja, bari in shimfiɗa ta don kada a ga kamar tsoratarwa ce.

A farkon ciki, gaban namiji da na mace iri ɗaya ne: ɗan tsiro guda, da ninkin fata a gefe biyu. Daga wajen mako na 8 zuwa na 12, idan homon ɗin maza da ake kira androjin ya yi yawa a jinin ɗan tayi, tsiron sai ya girma ya zama azzakari, fatun nan biyu su haɗe su zama jakar maraina. Idan babu shi, tsiron ya tsaya ƙarami ya zama ɗan tsaka, fatun su zauna a buɗe su zama leɓɓa. To 'ya mace idan ta samu androjin mai yawa tun tana ciki, jikinta yakan bi waccan hanyar har wani wuri ya tsaya. Abin da Yaya ta kwatanta kenan.

Dalilin da ya fi kowane yawa shi ne ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da CAH. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa, adirinal. Tana ƙera kotisol, wanda ke riƙe jiki lokacin ciwo da wahala, da aldostiron, wanda ke riƙe gishiri da ruwa, sai androjin kaɗan. Mai CAH akwai sinadarin da ya gaza a adirinal ɗinta, kuma a sama da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon sinadari ɗaya ne, 21-haidiroksiles. Kotisol ba ya fitowa, ƙwaƙwalwa ta yi ta aiko da saƙo a ƙaro, adirinal ta kumbura tana ta aiki, kayan da ta tara kuma su karkata su koma androjin. Kamar ruwan da aka toshe wa hanya ne, dole ya ɓalle ta wata.

Mai tsananin nau'in yana samun kusan jariri 1 cikin 15,000. Kusan uku cikin huɗu nasu aldostiron ɗin ma ba ya isa, sai gishirin jikinsu ya riƙa zurarewa ta fitsari. Ranar haihuwa ba a ganin komai. Daga ƙarshen makon farko zuwa na uku ne jariri zai fara ƙin nono, amai, rama, jiki ya saki, sodiyam ya faɗi, fotasiyam ya hau har ya taɓa bugun zuciya. Wannan shi ke kashewa, Hajiya. Girman ɗan tsaka bai taɓa kashe kowa ba. Yarinyar nan kwananta shida, tana bakin lokacin kenan.

Yaya, idan kun je ku nemi a auna sodiyam da fotasiyam da sukarin jini, a yi gwajin 17-OHP, sinadarin da ke taruwa a jinin mai CAH, a ɗauki hoton ciki a ga ko akwai mahaifa, likita ya laluba ko akwai 'ya'yan maraina a leɓɓan ko a matsematsi, sannan gwajin kuromosom, ƙwayoyin gado da ke nuna tsarin mace ne ko na namiji, idan da hali. Ku kuma tambayi maijego ko ta sha wani maganin homon da cikin, irin su danazol, ko ta lura muryarta ta yi kauri ko gashi ya fito mata a fuska lokacin goyon ciki. Wani lokaci androjin ɗin daga jikin uwa yake zuwa, daga magani ko daga wani ƙari da kan fito a ma'ajiyar ƙwanta da ciki.

Hajiya Babba:
Ikon Allah. To na ji, Likita. Ku tafi, 'yata, kada ku tsaya jiran kowa.

Baban Uku:
Likita, ina karantawa jikina ya yi sanyi. Mun rasa 'ya'ya maza biyu a jere, kowanne bai kai wata ba, kuma da amai da rama suka tafi. Gabansu lafiya lau yake. Shin namiji ma yana samun wannan?

Likitan Yara:
Allah ya sa masu ceto ne, Malam. Ba zan iya yanke hukunci a kan abin da ya ɗauke su ba, cututtuka da yawa suna zuwa da wannan kama. Amma e, namiji yana samu daidai da mace, kuma shi ne ya fi shiga haɗari, domin yawan androjin ba ya canza kamannin gabansa yadda ido zai lura. Macen, gabanta ne ke sa a yi bincike da wuri. Shi ya sa ƙasashe da yawa suke ɗigar jini daga dundunniyar kowane jariri a kwanakin farko don neman wannan ciwo. Gado ne daga ɓangare biyu: uba yana ɗauke da shi a ɓoye, uwa ma haka, su biyun lafiyarsu ƙalau. Kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Ya fi faɗowa idan miji da mata dangin juna ne. Idan Allah ya kawo wani cikin, ku faɗa wa likita wannan tarihin tun kafin haihuwa.

Kuma a isar wa mijin maijego: babu laifin matarsa a nan, babu nasa.

Yayar Maijego:
'Yan uwa, mun je. An ba mu gado. Sun ce gishirin jininta ya fara sauka, an sa mata ƙarin ruwa an yi mata allura. Hoto ya nuna mahaifa. Sauran gwajin sai ya fito, amma likitar ta ce kusan tabbas abin da Likita ya faɗa ne. Ungozoma, Allah ya saka miki da alheri, ban san da bakin da zan gode miki ba. Yanzu uban yana tambaya yaushe za a yi aikin a mai da wurin daidai. Ya ce ba zai iya ganin 'yarsa ta tashi a haka ba.

Ungozoma:
Alhamdu lillahi. Ku bar maganar aiki tukuna, ku koyi maganinta. Shi ne ranta.

Hajiya Babba:
Ni a nan ina bayan uban. Ku yi tunanin yarinya ta kai shekara biyar, ana yi mata wanka ko tana tsugunne, wata ta gani ta yaɗa. Bakin mutane ba shi da linzami. Idan an yi tana jaririya ba za ta tuna ba, ba za ta san an yi ba, ta tashi kamar kowa. Jinkirin na mene ne?

Ɗalibar Likitanci:
Hajiya, da girmamawa, wannan tunanin shi ne ainihin abin da likitoci suka bi shekaru da dama. A shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam, John Money, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya koyar da cewa a gyara gaban yaro da wuri, a rene shi a kan jinsi ɗaya, kada a bar masa ƙofar shakka. A wancan zamani har cire ɗan tsakan ake yi gaba ɗaya. Daga baya aka koma tura shi ciki a ɗinke, sannan aka zo ga rage shi tare da ƙoƙarin kare jijiyoyin. Da yaran suka girma sai suka fara magana. Wata daga cikinsu, Cheryl Chase, ta kafa ƙungiya a Amurka a 1993 don a daina yi wa jarirai wannan aiki ba da yardarsu ba. A 2003 likitoci a Landan suka wallafa bincike a kan manyan da aka haifa da irin wannan halitta, suka samu waɗanda aka yi wa aiki a ɗan tsaka sun fi fama da rashin jin daɗin saduwa fiye da waɗanda ba a taɓa ba.

Abin da ya sa haka ba ɓoyayye ba ne. Helen O'Connell, likitar tiyata a Ostareliya, ta nuna a 1998 cewa abin da ido ke gani ɗan kai ne kawai, mafi yawan gaɓar tana ciki. Jijiyoyin ji kuwa dubbai ne a wurin. Abin da aka yanke ba ya dawowa.

Hajiya Babba:
'Yata, waɗancan mutanen rayuwarsu daban. Ke ba ki san abin da ake kira gori ba.

Mai Ɓoye Suna:
Hajiya, ni na san shi. Na daɗe ina karanta zauren nan ban taɓa magana ba, yau dai zan yi.

Da CAH aka haife ni. An yi min aiki ina ƙarama, ban san an yi ba, kamar yadda kika ce. Amma jiki ya sani. Na tashi ina ganin tabo, ina tambaya ana ce min ƙonewa ce. Duk zuwa asibiti sai a kwantar da ni a buɗe ni, mutane a tsaye suna kallo suna magana da juna, ba mai yi min bayani. Na ɗauka wani mugun abu ne a jikina da ya fi ƙarfin a faɗa. Sai da na kai budurwa aka sake wani aikin saboda hanyar da aka buɗe ta tsuke. A lokacin ne wata nas ta zaunar da ni ta faɗa min sunan ciwona. Na yi kuka ranar, kukan sauƙi, don ashe abu ne mai suna, kuma akwai wasu irina.

Yau ina da aure, ina da ɗa, tiyata aka yi min na haife shi. Ina shan maganina kullum. Amma wurin nan da aka rage ba na jin komai a cikinsa, sai wani zafi-zafi idan an taɓa tabon. Ban riƙe iyayena a zuciya ba, abin da aka ce musu shi ne daidai suka yi, kuma don ƙauna suka yi. Sai dai da an tambaye ni, da na ce a bar min shi in girma in gani. Ɓoye min da aka yi ya fi wuƙar ciwo.

Yaya, ki faɗa wa ƙanwarki 'yarta za ta yi karatu, za ta yi al'ada, za ta iya aure da haihuwa in Allah ya yarda. Kuma kada su yi mata ƙarya.

Maman 'Yan Biyu:
Allahu akbar. 'Yar uwa, Allah ya ƙara miki lafiya. Kin yi jarumta.

Uwar Mai CAH:
Na ji maganar 'yar uwata kuma ta taɓa ni ƙwarai. Amma ina so a ji ɗaya gefen, don kada iyayen da suka zaɓi aiki su ji kamar sun yi zalunci. Tawa 'yar an haife ta wurin a rufe ruf, har an fara ce mana namiji ne wanda marainansa ba su sauko ba. Hanyar fitsari da ta farji a haɗe suke, ƙofa ɗaya. Tana yawan ciwon fitsari. Mun zauna da likitoci ba sau ɗaya ba, suka faɗa mana alheri da sharrin kowane zaɓi, muka yarda aka raba hanyoyin. Yanzu ta girma, ta san komai game da jikinta, kuma ta ce ta gode da aka yi tana ƙarama. Ba kowa ne labarinsa ɗaya ba.

Likitan Yara:
Dukanku biyu gaskiya kuka faɗa, kuma ina roƙon a lura ba aiki ɗaya kuke magana a kai ba. Akwai aikin hanya: raba mafitar fitsari da farji, buɗe wa jinin al'ada ƙofa. Akwai kuma aikin rage ɗan tsaka, wanda kusan kullum don kamanni ake yinsa. Ana yawan haɗa su a tiyata ɗaya, amma dalilansu daban, kuma iyaye suna da damar tambayar kowanne shi kaɗai.

Muna auna yawan canjin da ma'aunin wani likitan yara na Suwizalan, Andrea Prader, daga mataki na 1, inda ɗan tsaka ne kawai ya girma, zuwa na 5, inda gaban ya yi kama da na namiji sak. Taron ƙwararru da aka yi a Shikago a 2005, aka fitar da matsayarsa a 2006, ya ce a yi tunanin tiyata a mataki na 3 zuwa 5 kawai, kuma a fifita kare ji a kan kyan gani. Tun daga nan wasu ƙasashe sun wuce haka. Malta ta yi doka a 2015 ta hana irin wannan aiki ga yaron da bai isa ba da izini ba idan ana iya jinkirta shi, Jamus ta yi tata a 2021, Girka a 2022. A gefe guda kuma akwai likitocin tiyata da ƙungiyoyin iyayen masu CAH da har yau suke ganin aikin wuri yana da amfani ga mai tsanani. Ba a rufe wannan muhawara ba.

Ra'ayina, tunda an tambaya: rage ɗan tsaka ba shi da gaggawa ko kaɗan. Idan aka fara haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotisol, androjin yana sauka, wurin yakan ɗan ja baya, yarinya kuma tana girma tana cika, abin da ya tsorata ku a kwana shida ba haka zai kasance a shekara biyu ba. Wanda ya jira bai rasa damar yin aiki ba. Idan kuma an yanke shawarar yi, a nemi wanda ya saba da wannan aikin musamman, ba duk mai riƙe wuƙar tiyata ba.

Baban Uku:
To Likita, tambayar da maza da yawa za su yi a zuci: idan ta girma, mace za ta ji kanta ko namiji?

Likitan Yara:
Mafi yawan masu CAH da kuromosom ɗinsu XX ne, irin na mata, aka rene su mata, mata suke jin kansu, kusan 95 cikin 100 a binciken da aka tattara. Wasu sukan fi son wasannin guje-guje da na ƙarfi suna yara, wannan ba ciwo ba ne. Kaɗan sukan tashi su ji ba haka ba, kuma wannan ma yana cikin dalilan da ake cewa kada a yi saurin cire abin da ba a iya mayarwa.

Inda tambayarka ta fi nauyi shi ne wasu nau'o'in daban, inda jaririn XY ne, irin kuromosom na maza, yana da maraina a ɓoye, amma jikinsa bai amsa androjin sosai ba, ko bai iya juya testostiron, ɗaya daga cikin androjin, zuwa nau'insa mai ƙarfi ba. Sai a haife shi da abin da ido zai ce babban ɗan tsaka ne. A 1974 Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu iyalai a Jamhuriyar Dominika da ake haifar 'ya'yansu haka, a rene su mata, da balaga ta zo murya ta buɗe, gaba ya girma, yawancinsu suka koma rayuwar maza. Da an yanke musu suna jarirai fa? Shi ya sa ba a duban waje a yanke hukunci, sai an san abin da ke ciki.

Malamin Zaure:
Ƙarin bayani kaɗan ga wanda ya ga kamar sabon abu ne. Malaman fiƙihu sun yi maganar khunsa, wato mata-maza, tun ƙarnoni, har da rabonsa na gado da matsayinsa a sahu. Ba su ɗauke shi abin la'ana ba, mutum ne mai haƙƙi. Kuma yarinyar da bincike ya nuna tana da mahaifa da ƙwan mata, babu ruɗani a lamarinta. Masu yaɗa sirrin jaririya su ji tsoron Allah.

Hajiya Babba:
Na ji duka. Har yanzu zuciyata tana tsoron bakin duniya a kan yarinyar, ba zan ɓoye ba. Amma maganar baiwar Allah nan da ta ce an ɓoye mata ta tsaya min a rai.

Wata 'Yar Zaure:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa, tunda an buɗe ƙofa. Ni babba ce, shekarata 34, da 'ya'yana. Ba a haife ni da komai ba. Amma cikin 'yan watannin nan gashi ya fito min a haɓa da ƙirji, muryata ta yi kauri har a waya ana ɗauka namiji ne, al'ada ta ɗauke, kuma wurin nan ya girma har ina jin yana gogar wando. Kunya ta hana ni zuwa asibiti. Wata ta ce PCOS ne, ciwon rikicewar homon da ke shafar ma'ajiyar ƙwan mata.

Likitan Yara:
'Yar uwa, ni likitan yara ne, amma wannan zan iya faɗa miki kai tsaye: ki ga likitan mata ko na homon a wannan makon. PCOS yana kawo gashi da ƙuraje da rikicewar al'ada, amma a hankali yake zuwa, yawanci tun daga 'yan matanci, kuma da wuya ya kai ga kaurin murya da girman ɗan tsaka. Idan abu ya zo wa babbar mace da sauri haka, abu biyu ake fara nema. Na farko ƙari mai fitar da androjin, a ma'ajiyar ƙwai ko a adirinal. Ba shi da yawa, kuma akasari idan an cire shi homon ɗin yana sauka, al'ada ta dawo. Na biyu androjin da ke shigowa daga waje. Za a auna testostiron da DHEAS, nau'o'in androjin biyu, a jininki, a ɗauki hoton mara da na saman ƙoda.

Ki amsa min: kina shan wani abu, ko allura, ko shafa wani mai, na ƙarin sha'awa, ko ƙarin ƙiba, ko ƙarfin jiki? Maigida yana shafa maganin testostiron a fatarsa? Yana iya wucewa daga fata zuwa fata, har ga ƙananan yara da ake ɗauka.

Ɗalibar Likitanci:
Wannan na biyun ba wasa ba ne. A Jamus ta Gabas, shekarun 1970 da 1980, an riƙa ba 'yan mata masu iyo da guje-guje ƙwayar Oral-Turinabol, da yawansu ba su san me suke sha ba. Muryoyinsu suka yi kauri, jikinsu ya canza. Ko an daina, murya da girman ɗan tsaka ba kasafai suke komawa yadda suke ba. Shi ya sa saurin ganowa yake da amfani.

Uwargida:
Ni kuma tambayata daban. Nawa tun tasowata ya ɗan fi na yadda nake jin ana kwatantawa. Al'adata daidai, na haihu, babu gashi babu komai. Amma an taɓa ce min alamar mace mai yawan sha'awa ce, ko wai wasa da wurin ne ya jawo. Na daɗe da wannan a raina.

Ungozoma:
Uwargida, ki sauke wannan kayan. Na karɓi haihuwa ba adadi, ban taɓa ganin mata biyu da halittarsu ta zo ɗaya ba. Girman wurin ba ya faɗin halin mace, kuma taɓawa ko saduwa ba sa mai da shi babba na dindindin. Yakan kumbura lokacin sha'awa ya koma, wannan aikinsa ne.

Ɗalibar Likitanci:
Akwai ma awo a kai. A 2005 an auna mata 50 masu lafiya a wani asibiti a Landan, aka samu tsawon ɗan tsaka daga milimita 5 har zuwa 35. Ninki bakwai kenan tsakanin ƙarami da babba, kuma dukansu lafiyayyu. Abin dubawa shi ne ko ya canza daga yadda kika san shi, ko yana ciwo, ko ya zo da wasu alamu. Akwai kuma kumburin da ba na homon ba, kamar ƙullutu mai ruwa da kan fito a wurin, musamman inda aka taɓa yanka ko jin rauni. Shi ma likita ke rarrabewa.

Uwargida:
Bai taɓa canzawa ba. Na gode, wallahi kun cire min ƙaya.

Mai Ɓoye Suna:
Abu ɗaya na manta, ga duk mai rainon yaro mai CAH. Maganin ba ya tsallake rana. Haidirokotizon kullum, yawanci sau uku ga yara, fuludirokotizon, mai maye gurbin aldostiron, ga mai zubar gishiri, jarirai kuma har da ƙarin gishiri da likita zai auna musu. Idan zazzaɓi ya zo, ana ninka haidirokotizon yadda likita ya koya muku. Idan amai ya hana maganin zama, allura ce, kuma asibiti nan take. Ku sa a rubuta muku wannan a takarda, ku ajiye kwafi a jakar yarinyar, duk wanda zai riƙe ta ya san da shi. Kuma a riƙa auna tsawonta da nauyinta, don magani idan ya yi kaɗan ƙashi yana saurin tsufa ta tsaya gajera, idan ya yi yawa shi ma yana danne girma.

Wata 'Yar Zaure:
Likita, na duba. Akwai wani mai da wata ƙawata ta ba ni na shafawa a gaba, ta ce yana ƙara ni'ima. Babu rubutun abin da ke ciki, kuma tun wajen lokacin da na fara ne abubuwan suka soma.

Likitan Yara:
Ki daina shafawa daga yau, amma kada ki jefar da shi. Ki tafi da kwalbar wurin likita, ki faɗa masa lokacin da kika fara da sau nawa kike shafawa. Gwajin jinin da hoton duk a yi su, ko da man ne ake zargi, don kada a jingina komai a kansa a bar ƙari a ciki. Ita ma ƙawar taki ki tambaye ta ko ta ga wani canji a jikinta.